Gwangwani, kwali ko roba: wanne ya fi riƙe kayan rubutun yara?

Duk gidan da ke da 'yan makaranta ya san wahalar safiya: fensir a ƙarƙashin gado, kilina ta yi ɓatan dabo, yaro na kuka lokaci na tafiya. Na gwada mazubai da yawa daga abubuwan da muke zubarwa, kuma tun yanzu zan faɗa muku zaɓina: babban gwangwanin madarar gari, mai murfin roba.

Dalilina na farko bakinsa ne. Irin wannan gwangwani ana ɓare masa takardar alminiyam ne ta sama, saboda haka bakinsa a nannaɗe yake, ba kaifi. Wanda ake yankawa da mabuɗi kuwa, kar ku yarda ya shiga ɗakin yara. 'Yata ta taɓa zura hannu cikin irinsa za ta ɗauko biro, sai ga jini a yatsa, har yau ina jin zafin abin a raina. Tun daga ranar, duk mazubin da zan ba yaro sai na fara shafa bakinsa da yatsana.

Sabon fensir bai wuce santimita 19 ba, don haka yana tsayawa a cikin gwangwanin kansa na leƙowa, yaro ya ga abin da yake nema ba sai ya zazzage komai ba. Ku shimfiɗa ɗan kwali a ƙasa domin kar tsinin fensir ya karye, almakashi kuma bakinsa ya kalli ƙasa. Ku busar da gwangwanin sarai bayan wanki, in ba haka ba tsatsa za ta ci gindinsa. Murfin ma yana da aiki: a kansa nake ajiye kilina ita kaɗai, domin kilinar roba in ta daɗe manne da rular roba tana narkar da jikin rular ta bar tabo.

Kwalin takalmi ba laifi ga fensiran kala, amma ruwa na taɓa shi ya gama. Kwalba kuwa ban ma ba ta dama ba, faɗuwa ɗaya ta isa. Gorar ruwa da aka yanke ba ta da nauyi, da an taɓa ta kife.

Inda nake so ku buɗe ido sosai shi ne tsofaffin robobi da bokitai da ake wankewa a sayar. Mai sayarwa zai rantse muku ruwa kawai aka taɓa zubawa, alhali wata ta riƙe maganin ƙwari ko fenti. Roba tana shan irin waɗannan sinadarai, wanki ba ya fitar da su duka, yara kuma suna tauna fensir. Ku buɗe ku shinshina. In an kankare rubutun jikinta, ku ajiye ta. Haka sababbin akwatunan roba masu ƙyalli da ake cewa ba sa fashewa: ku juya gindinsu ku nemi alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 2 ko 5 tana jure faɗuwa. Wadda ba lamba, ga wari mai hawa kai, ku ɗan matsa gefenta. In ta yi fari ko ta yi ƙara, ku mayar wa mai ita.