Shagon buga fosta da ya rufa min asiri ranar da aka canza mataimaki

Tun 2022 abun nan yake raina, sai satin da ya wuce da na koma shagon buga katin bikin ƙanwata na ce bari dai in rubuta, tunda ga 2027 na ƙaratowa kuma nasan mutane da yawa za su fara neman inda za su buga fosta da bana (banner). Shagon yana Fagge, ba zan kama suna ba saboda har inda suka gaza zan faɗa. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, ƙungiyoyin goyon baya ke ba ni aiki in kai a buga in kawo musu, ko wace jam'iyya ce.

Toh ga yadda akai. Tinubu ya ci fidda gwani na APC ranar 8 ga Yuni 2022, INEC kuma ta sa 17 ga Yuni a matsayin ranar ƙarshe ta miƙa sunaye, kuma doka ba ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya tafi shi kaɗai ba sai da abokin takara. Lokaci ya ƙure ba a gama shawara ba, sai aka miƙa sunan Kabiru Masari ɗan jihar Katsina ya riƙe wurin. Peter Obi ma haka yayi, ya sa Doyin Okupe na wucin gadi. A cikin manyan 'yan takara Atiku ne kawai ya yanke tun 16 ga wata ya ɗauki Okowa gwamnan Delta ya bar Wike, abun da ya jawo masa rigimar gwamnoni biyar ɗin nan har zuwa ranar zaɓe.

Ana cikin haka wata ƙungiyar matasa ta ba ni aikin bana 40 na barka da Sallah, babbar Sallah ta kama Asabar 9 ga Yuli, suka ce lallai a sa hoton Tinubu da mataimakinsa Masari. Na kai aikin. Mai shagon dattijo ne, zai yi sittin, gilashinsa a kan hanci, ya kalli hotunan a wayata ya ɗago ya ce min, ɗana wannan fa riƙon wuri yake, har 15 ga Yuli ana iya canza shi, ka gaya wa masu aikin su sa mutum ɗaya kawai. Na ce Baba na gaya musu wallahi, shugaban ƙungiyar ya ce shi dai sunan da ke INEC shi ya sani. Na sake kiran shugaban a gabansa na sa a sifika, mutumin ya kafe. Baba bai ja magana ba, ya juya wajen yaron da ke kan kwamfuta ya ce masa, sa na biyun a cikin da'ira, ka raba shi da jikin na farko, sunan ma ka sa shi a akwatinsa daban kar ya hau kan komai. Ni a lokacin na ɗauka ado ne kawai.

Aka buga, muka rataya ranar jajibiri. Asabar akai Sallah. Lahadi 10 ga wata Tinubu ya je Daura gaisuwar Sallah wajen Buhari, yana fitowa ya gaya wa 'yan jarida Kashim Shettima ya ɗauka. Ina zaune ana suyar nama a gida wayata ta fara ruri, shugaban nan da ya kafe shi ne yake min faɗa wai ya za'ai da bana 40 da hoton wanda ya janye, kuma ciko na yana hannunsa bai biya ba. Gaskiya ranar naman ma bai min daɗi ba, kuɗin da na zuba jarina ne gaba ɗaya.

Litinin da sassafe, ana hutun Sallah, na kira Baba ban ma sa ran zai ɗauka ba. Ya ce zo shagon. Na tarar ya buɗe ƙofa ɗaya, ya tada janareta, yaron yana ta gyara hoton Shettima da hularsa ta Barno a cikin da'ira daidai girman waccan. Sitika suka buga mai gam a baya, da'ira 40 da akwatin suna 40, yaron ya yanka su da almakashi ɗaya bayan ɗaya, muka ɗauki tsani a a-daidaita-sahu muka bi duk inda muka rataya muna mannawa. Ya zauna ɗas, in ba ka matso ka shafa da hannu ba ba za ka gane an lika wani abu ba. Kuɗin sitika da na mai kawai ya karɓa, a shekarar da dizal ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Da na ce Baba ai aikin hannun fa, cewa yayi ka bari sai wani aikin.

Abun da yasa nake yaba masa ba sauƙin kuɗin bane kawai, mutumin ya san siyasar da yake bugawa. Rediyo ba ta mutuwa a shagon. Muna jiran sitika ta fito yake ba ni labarin ya buga na Abiola da Kingibe a 1993 lokacin yana yaron shago, don haka da mutane ke ta hayaniyar tikitin Musulmi da Musulmi shi ya taɓa gani. Ya ce kuma a wajen girman hoto yake gane lissafin da aka yi wurin ɗauko mataimaki, kuma na ga hakan da idona a ayyukan da na kai daga baya: masu APC a nan sai su ce a ƙara girman Shettima ya kai na ogansa, masu Labour su ce a fito da Datti Baba-Ahmed sosai a rubuta ɗan Zariya ne, masu PDP su ce Atiku ya cika fostar Okowa ya ɗan leƙo ta gefe, 'yan Kwankwasiyya kuwa da yawa ba sa ma tambayar hoton Bishop Idahosa, jar hula ta ishe su.

Ni wannan ɗin yana damuna har ga Allah. Ana ɗauko mutum don yankinsa ko addininsa ya cike gibin ƙuri'a, mu kuma a ƙasa muna ƙara shi muna rage shi a kwamfuta kamar kayan ado, alhali mun gani a 2010 da Allah ya yi wa 'Yar'aduwa rasuwa ranar 5 ga Mayu, wanda ke gefen fostar shi ya zama shugaban ƙasa. Kuma wannan sa ɗan riƙon wuri da manya ke yi su sayi lokaci, ƙananan mutane irinmu ne ke biyan kuɗinsa, nasan waɗanda nasu ya tafi a banza don an haɗe musu hotunan kafaɗa da kafaɗa babu yadda za'a rufe ɗaya.

Yanzu inda suka gaza. Alƙawarin lokaci ba su da shi, in Baba ya ce bayan azahar to ka zo bayan magariba, in kamfe ya kankama ma sai gobe, sau biyu ina kwana da aikin mutane a hannunsu. Shagon matsattse ne ga zafi ga warin tawada, benci ɗaya ne tak. Ja ɗinsu wani lokaci yana fita kamar ruwan goro in tawada ta kusa ƙarewa, wanda ke buga na jar hula ya kula da wannan sosai, ka sa a fitar maka da gwaji ɗaya ka gani a hasken rana kafin a saki sauran. Kuma ba sa ba da rasit sai ka nema. Amma fleks ɗinsu, wato ledar da ake buga bana a kai, mai kauri ne, bana na sun sha ruwan Agusta sitikar ba ta ɗaga ba.

Da na je satin da ya wuce na tarar da wani ya kawo aikin 2027 tun yanzu, muka taɓa hirar taron APC na Gombe a Yunin 2025 da aka tashi baram-baram saboda an ambaci Tinubu ba a ambaci Shettima ba. Na leƙa kwamfutar yaron, na biyun yana cikin da'irarsa. In za ka je ka je kafin ƙarfe 9 na safe, ka kai hotonka a filash kar ka tura ta WhatsApp don yana rage masa kyau, kafin alƙalami kuma rabi suke karɓa.