Kafin ka sayi na'urar GPS don awon fili a Kaduna

Mai sayar da na'ura zai gaya maka yawan taurarin ɗan adam da take kamawa da ƙarfin batirinta. Tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce: zango nawa na saƙon rediyon taurarin take saurare, ɗaya ko biyu?

Saƙon tauraron ɗan adam yana ratsa wani sashe na sama mai cike da cajin lantarki, wato ayonosfiya, wanda ya kai kimanin kilomita 1000 daga ƙasa. A nan saƙon ke jinkiri, jinkirin kuma ya zama kuskuren mitoci a kan filinka. Mu a Kaduna abin ya fi shafarmu, domin muna dab da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda wannan sashe ya fi rashin natsuwa.

Yawancin ƙananan na'urorin hannu da tsofaffin wayoyi zango ɗaya suke ji, L1. Ba sa auna jinkirin, ƙiyasta shi suke yi. Lissafin Klobuchar da taurarin GPS na Amurka ke aikowa yana cire wajen rabin kuskuren ne kawai. Na taurarin Galileo na Turai, mai suna NeQuick, an tsara shi ya cire kusan kashi 70 cikin 100. Ga manomi a Birnin Gwari ko Kachia da ke son sanin girman gonarsa kafin ya sayi taki, wannan ya wadatar. Amma kada a kafa dutsen iyaka da shi. Kuskuren mita uku a Rigasa ko Barnawa ɗaki guda ne, kuma a kan abin da bai kai haka ba maƙwabta sun sha zuwa gaban alƙali.

Wayoyi masu zango biyu, L1 da L5, sun fara fitowa a 2018 da Xiaomi Mi 8. Sun fi na da, sai dai eriyarsu ƙarama ce, aikin safiyo ya fi ƙarfinsu.

Na'ura mai zango biyu ta gaske tana auna jinkirin da kanta. Tunda kowane zango yana jinkiri gwargwadonsa, bambancin da ke tsakaninsu yana ba ta damar cire fiye da kashi 99 cikin 100 na kuskuren. Idan aka haɗa ta da tasha mai tsayayyen wuri, aikin da ake kira RTK, ana samun daidaito na santimita. Na'urorin kamfanonin Trimble da Leica suna da tsada sosai. Na Sin, irin su South da Hi-Target, sun fi sauƙi, kuma ɗalibi mai son gwaji zai iya haɗa tasa da allon u-blox ZED-F9P. Ga wanda aikinsa zai shiga fayil a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Kaduna, a ganina babu wani zaɓi sai wannan rukuni.

Wani zai ce ya sayi mai zango ɗaya, ya gyara awon daga baya da taswirar ayonosfiya ta duniya, wadda ƙungiyar IGS ta masu tashoshin GPS na duniya ke fitarwa tun 1998. Tana taimakawa, gaskiya. Amma daga tashoshin ƙasa ake gina ta, tashoshin kuwa sun yi ƙaranci a Afirka, don haka a kan samanmu akwai cike-gurbi da yawa. Shi ya sa nake ganin tashoshin GPS na dindindin na Najeriya, wato NIGNET, har da wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun cancanci kulawa sosai.

Ko mai tsadar ma tana da lokacin rauni. Bayan magariba, musamman a Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, saƙon kan yi rawa har na'ura ta saki tauraro. Ka tsara muhimmin awo da safe. Kafin ka biya kuwa, ka sa mai kaya ya ɗora ta a kan dutsen iyakar da aka san ainihin lambobin wurinsa, da safe da kuma da la'asar, ka kwatanta sakamakon biyu.