Gargaɗi ga masu sayen itacen oud ta waya

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu sana'ar turaren wuta da humra irina. Akwai wani mutum da ke tallan itacen oud a Instagram da WhatsApp, yana cewa itacen nasa asalin ɗan Kambodiya ne, kai tsaye daga hannun masu sara. Ni ya cuce ni, kuma ba na son ya sake samun wata.

Da farko ya aiko min da ɗan guntu na gwaji, bai kai ɗan yatsa ba. Na ɗora a kan garwashi, sai ga mai yana tsattsafowa yana ƙananan kumfa, ƙamshi na tashi a hankali, har washegari yana jikin labulen ɗakina. Wallahi wannan guntun na gaskiya ne. Shi ya sa na tura masa kuɗin rabin kilo ba tare da wani ɗar ba, duk da na lura sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne. Ya ce na ƙaninsa ne.

Da kaya suka iso, a ido ba ki da abin cewa: baƙi wuluk, ga sheƙi, ga nauyi. Na sa a kasko, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, yana yaji a ido, da wani wari kamar ana ƙona roba. Na sa wuƙa na tsaga guda ɗaya, cikinsa fari fat. Itace ne kawai aka jiƙa a man turare aka shafe da baƙin fenti. A wani guntun ma na tarar da an huda an cusa dalma don ya yi nauyi a sikeli. Ina kiransa ya toshe lambata.

Da na tsaya na yi tunani a kan farashin, da ban faɗa tarkonsa ba. Oud daga bishiyar Aquilaria ake samunsa, a dazukan Assam na Indiya, da Kambodiya, Biyetnam, Malesiya da Indonesiya. Lafiyayyar bishiyar farin itace gare ta marar nauyi, ba ta da wani ƙamshi. Sai ta ji rauni, funfuna ta shige ta, sannan take fitar da baƙin danƙo mai ƙamshi don kare kanta, kuma shekaru yake ɗauka kafin ya ratsa itacen. Ba kowace bishiya ke yinsa ba. Saran da aka yi mata ya yi yawa, har a 1995 aka sa nau'in malaccensis cikin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, yanzu sai da takardar izini ake fitar da shi daga ƙasa. Abin da a shagunan Makka da Dubai ake aunawa da tola, wajen giram 12, ta yaya wani zai ba ki rabin kilo a kuɗin atamfa biyu?

Kada ki dogara da gwajin jefa guntun a ruwa a ga ko zai nutse kawai, don mai dalma ma yana nutsewa. Ki ce a ƙona miki daga cikin ainihin kayan da za a ba ki, ke za ki zaɓi guntun da hannunki, a tsaga shi a gabanki. Idan a wani gari yake, ki tura wanda kika yarda da shi ya gani kafin ki biya ko sisi.

Na kai ƙorafi banki da hoton shaidar tura kuɗin, ina jiran amsarsu. Duk wadda ta san ya taɓa yi mata haka, ta yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗu mu kai ƙara tare.