Gorar ƙarfe ta aljihu: ta shan magani ce, ba ta kashe ƙishirwa ba

Duk mai shan maganin hawan jini ko na suga a kan lokaci ya san wahalar neman ruwa a hanya. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Kano, kuma akwai ƙwayar da nake sha da azahar, daidai lokacin da nake cikin A Daidaita Sahu ko tsakanin wannan aji da wancan. Abin da ya kai ni Kasuwar Sabon Gari ke nan, na sayo 'yar gorar nan ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Faffaɗa ce, an ɗan lanƙwasa ta yadda za ta kwanta a jikin cinya, murfinta kuma a maƙale yake da wuyanta, ba ya ɓata. A gindinta an buga 8 oz, wato mililita 237. Ledar fiya wata santilita 50 ce, ka ga ke nan gorar ba ta kai rabin leda ɗaya ba. Wanda ya saye ta don ya wuni da ita a rana, to ya sayi ƙishirwa da kuɗinsa.

Amma ga abin da na saye ta dominsa, ta biya ni. Tana shigewa aljihun gefe na kaftani ta lafe, babu tudu, babu nauyin da zai karkatar da riga. Ruwan leda in ka huda shi da haƙori, ko dai ka shanye ko ka jefar, ledar kuma ta ƙare a kwata. Wannan kuwa makwarwa biyu zan yi in rufe in mayar. Ruwan ma na gidana ne, na san inda ya fito. Na sha haɗa ta da takardun ɗalibai a jaka ɗaya, ko ɗigo ban taɓa gani ba.

Babbar matsalarta zafi. Bangonta ɗaya ne, saɓanin filas ɗin shayi mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga ɗumin jiki kuma, kafin azahar ruwan ya yi ɗumi sosai. In ka zuba na firji da safe, sai jikinta ya yi ta gumi ya jiƙa maka aljihu, har shatar gorar ta fito a jikin farin yadi. Ƙanƙara kuwa ba ta shiga bakinta. Da hunturu dai babu abin cewa.

Wanki ma sai da haƙuri, don bakin da ƙyar ɗan ƙaramin yatsa ke shiga. Da farko tana da ɗan ƙaurin man masana'anta. Na zuba ruwan ɗumi da ɗigon sabulu da 'yar ɗanyar shinkafa, na girgiza sosai, na ɗauraye, sannan ya fita. Kullum da dare nakan juye ragowar ruwan in kife ta a buɗe; in ya kwana a ciki, ɗanɗanon ƙarfe yake ɗauka. Kada a wanke ta da ruwan bilicin na wankin tufafi, yana cin irin wannan ƙarfe. Zoɓo, kunu da fura kuwa a bar su a nasu mazubin, domin abin da ya maƙale a kusurwa ba ido zai gan shi ba, balle soso.

A duba irin ƙarfen kafin a saya. Mai kyau shi ne wanda aka rubuta wa 304 ko 18/8, ma'ana kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ƙarafan da ake haɗawa a ciki don hana tsatsa. Akwai mai lamba 201, ya fi araha amma ya fi saurin tsatsa, kuma gwajin maganaɗisun da wasu ke yi ba ya bambance su.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa a fili. A Turai da Amurka an san wannan siffar gora da ɗaukar giya ne, shi ya sa da yawa daga cikin na kasuwa ke ɗauke da tambarin kamfanonin barasa. Ni na zaɓi wadda babu rubutu ko zane a jikinta. Duk da haka wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan fa?" Na buɗe na miƙa masa ya shinshina, na nuna masa ƙwayar. Na ji daɗin da ya tambaye ni kai tsaye. A gaban ɗalibai dai ba na fito da ita, sai na koma ofis.

Da azumi ta yi mini rana ƙwarai, in magariba ta riske ni a cunkoson Ƙofar Nassarawa: dabino a wannan aljihu, ita a wancan. Direba, bakanike ko mai talla da ke wuni a rana, shi gora mai bango biyu ta lita ɗaya ya kamata ya nema. Mai son irin tawa kuma ya sa mai shago ya zuba ruwa a ciki, ya ɗaure murfin, ya kife ta a gabansa kafin ya biya, ya kuma tabbatar an haɗa masa da ɗan mazurarinta.