Gargaɗi ga jama'ar Maradi kan masu tallar "aikin rubutu daga gida"

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta, don abin ya shafi gidanmu, kuma mai abin ba ta so a ji ba da farko. Da na ga tallar ta sake yawo a WhatsApp cikin makon nan, suna ya canza amma lafazin na nan yadda yake, sai na koma wurinta na nemi izini. Ta ce in faɗa, kada dai in ambaci sunanta.

Ƙanwata ce, autarmu. Ta yi karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta nan Maradi har ta samu lisans, Faransanci a bakinta kamar ruwa, alƙalaminta kuma ya fi bakin. Aiki bai samu ba, aure ya zo, ga ta a unguwar Zariya da yara biyu. Irinta suna da yawa a garin nan: masu takarda a akwati, waya a hannu, da zuciyar da ba ta son zaman banza. Su ake farauta.

Saƙon ya shigo wani guruf na mata da suke adashi. Wai kamfani ne a Faransa yana neman marubuta daga Afirka, a rubuta maƙala daga gida, da waya ma ya isa, ba sai da kwamfuta ba. Kowace maƙala mai kalma 600 Yuro 12. Ku lissafa da kanku: Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a tsayayyen farashi, wato kusan 656, ke nan maƙala ɗaya ta kusa jika takwas. Suka ce mai himma yana yin uku a rana. Wanda ya san yadda kasuwa ta kwanta a Maradi tun rufe iyaka na 2023, lokacin da hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta yi tsit, ya san yadda irin wannan lissafi yake shiga kan mutum.

Ta taɓa mahaɗin, ya kai ta Telegram. Can ta tarar da wata mai kiran kanta sakatariya, da hoton mace cikin kwat, da mutane fiye da ɗari suna ta zuba godiya da hotunan saƙon shigar kuɗi. Aka ce rajista jika biyar ce, "don a tabbatar da gaske kike". Ta kira ni.

"Yaya, don Allah ka ara mini jika biyar, in na karɓi kuɗin farko zan maido maka."

Na tambaye ta ko ta san wani da aka biya. Ta ce ga su nan cike da guruf. Ban ƙara bincike ba, na aika mata. Wannan tambayar ita ce ya kamata in tsaya a kanta, domin cikin mutanen nan ɗari babu ko ɗaya da ta sani ido da ido, babu wanda za a ce ga gidansu a Bagalam ko Sabon Gari. Hoton saƙon kuɗi kuwa yaro mai waya zai haɗa shi cikin minti biyar.

Bayan rajista aka buɗe mata shafi mai sunanta, da akwatin da ke nuna kuɗinta. Aka fara ba ta kanun maƙala: amfanin zogale, yadda ake zaɓen waya, wuraren yawon buɗe ido da ba ta taɓa gani ba. Na je gidan wani dare ana tsakiyar zafi, wuta ta ɗauke, na same ta a tsakar gida bisa tabarma, ƙaramin yana barci a cinyarta, tana bugun kalma 600 da babban yatsa ɗaya, hasken wayar kaɗai ke fuskarta. Takan fara rubutawa a littafi da biro da rana, da dare ta kwafe. Ta juyo mini da wayar tana murmushi: "Yaya, duba, Yuro 48 ke nan." Wallahi ni ma na yi murna. Aikin na gaske ne, gumin na gaske ne, rubutun kuma mai kyau ne. Lambar da ke cikin akwatin nan ce kawai ba komai ba.

Da ta kai maƙala biyar sai aka ce rubutunta ya burge "edita", amma ba a biyan wanda ba shi da takardar shaidar horo. Horon jika goma sha biyar. Abin da aka turo mata wasu shafuka ne da aka kwaso daga intanet, da wata takarda mai tambari wadda ko sunanta ba a rubuta daidai ba. Wannan karon ba ta tambaye ni ba, kuɗin zubin adashinta ta ɗauka. Daga nan aka ce ba a cire kuɗi sai sun kai Yuro 150. Ta ci gaba har maƙala goma sha huɗu, akwatin ya nuna 168, sama da jika ɗari da goma. Ta danna wurin cirewa, sai ga saƙo da jan rubutu: kuɗin sun maƙale a hanya, sai an biya jika talatin na "buɗe asusun ƙasa da ƙasa", za a maido su tare da sauran. Ta sayar da tunkiyar da ta ke kiwo don sallah.

A nan ne gadar zaren take, kuma ina so a lura da kyau. Ba su taɓa neman babban kuɗi a karo ɗaya ba. Kowane biya ƙarami ne idan an auna shi da abin da allo ke nunawa. Mai jika ɗari da goma a gabansa, jika talatin ba za ta tsaya masa a wuya ba, balle ya riga ya zuba ashirin da dare goma sha huɗu na rashin barci. Mutum ba ya ci gaba da biya don wauta, yana biya ne don kada abin da ya riga ya zuba ya tafi a banza. Sun san haka sarai, a kansa suka gina sana'ar.

Sai kuma ɓangaren da ya fi yi mata ciwo. Tun a mako na biyu aka ce duk wadda ta kawo mutum uku za a ɗaga darajarta, maƙalarta ta koma Yuro 20. Ta kawo ƙawayenta biyu da wata ɗiyar maƙwabta. Kowacce ta biya jika biyar, ɗaya har ta biya na horo. Wannan salon ba sabo ba ne, shi ne na tsare-tsaren "zuba kuɗi su haihu" irin MMM da ya ci mutane a Najeriya a ƙarshen 2016, shi ne na CBEX da ya rushe a watan Afrilun 2025: kai da aka cuta, kai za ka jawo na kusa da kai, da amanar da suka ba ka. Bambancin kawai a nan an lulluɓe shi da rigar aiki, shi ya sa masu ilimi da masu gudun haram suke faɗawa. Wadda ba za ta taɓa zuba kuɗi don su haihu ba, za ta yarda ta biya rajistar aiki, tunda a ganinta guminta za ta ci.

Bayan jika talatin ɗin sai aka nemi hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, da hotonta riƙe da katin. Ta tura. Aka ce wata lamba mai alƙaluma shida za ta shigo wayarta, ta turo don a kammala. Allah ya sa maigidanta yana kusa, ya karanta saƙon, ya ga lambar WhatsApp ce, wadda in ka ba wani ya ƙwace maka layinka na WhatsApp ɗungurum. Ya hana. Ɗiyar maƙwabtan ba ta samu mai hana ta ba. Kafin la'asar an bi danginta ɗaya bayan ɗaya da sunanta da hotonta, wai tana asibiti a taimaka, har wani kawunta da ke Tasawa ya aika. Ƙanwata ta yi magana a guruf, cikin minti ɗaya aka goge saƙon aka fitar da ita. Washegari shafin ma bai buɗe ba.

Na karɓi wayar na bi abin daga farko, sai ga alamomi a fili waɗanda da mun nutsu da mun gani. Kamfanin da ke cewa yana Faransa, amma duk kuɗin ana aika su ga sunan mutum ɗaya-ɗaya a lambobin nan gida masu +227, kowane biya da sabon suna. Lambar sakatariyar ta fara da +33, amma wannan ba hujja ba ce, ana hayar lambar waje ta intanet. Babu adireshin ofis, babu yarjejeniya, babu wanda ya taɓa yarda a yi kira a ga fuskarsa. Babu wanda ya taɓa gyara mata ko waƙafi ɗaya cikin maƙala goma sha huɗu, alhali duk wanda ya yi aiki da edita na gaske ya san gyara ne abincinsa. Na ɗauki jimla ɗaya daga maƙalar zogale na sa a Google, sai ga rubutunta kalma bayan kalma a wani shafi cike da talla, da sunan wani a sama. Ke nan sun ci kuɗinta, sun kuma ci rubutun.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, aikin rubutu ta intanet yana nan, halal ne, akwai masu ci da shi. Sai dai kamanninsa ba haka suke ba. A dandali irin su Fiverr da Upwork buɗe shafi kyauta ne. Mai ba da aikin shi ke fara ajiye kuɗi a hannun dandalin, kai ka yi aiki, su cire kasonsu daga cikin abin da ka samu. Fiverr kashi 20 cikin ɗari yake ɗauka, yana kuma riƙe kuɗin sabon mai aiki kwana 14 kafin ya iya cirewa. Ka ga ko su da suke cin riba da kai, daga ladan suke yanka, ba sa ce maka kawo kuɗi mu sako naka. Kuma samun aikin farko a can wahala ne, mutum yakan yi makonni yana nema, yana gogayya da marubutan Dakar da Abijan da Kasabalanka. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, irin waɗannan gajerun maƙaloli na "amfanin kaza" sun zama abin da na'ura ke zubowa cikin daƙiƙa. To wane ɗan kasuwa ne zai bi mutumin da bai taɓa ganin rubutunsa ba har gida, ya ba shi jika takwas a kan abin da zai samu kusan kyauta? Mu Maradawa da aka san mu da ciniki, da a kasuwa aka kawo mana wannan tayin da mun gane tun daga sallama.

Wanda ke da alƙalami a garin nan, hanyar da na ga tana ɓullewa a kusa take. Akwai ƙungiyoyi masu aiki a jihar da ke buƙatar fassara tsakanin Faransanci da Hausa, akwai gidajen rediyo, akwai ƴan kasuwa masu son a rubuta musu tallar kaya a Facebook, akwai ɗalibai masu neman a gyara musu rubutun kammala karatu. Kuɗin ba Yuro ba ne, amma ka san ƙofar mai aikin, kana iya karɓar rabi kafin ka fara.

Idan kuwa ka riga ka shiga, ka tsaya daga yau, ko nawa allo ke nunawa. Za su kira ka da murya mai taushi su ce saura biya ɗaya, daga baya ma wani zai ɓullo ya ce shi lauya ne ko ma'aikaci mai ƙwato kuɗin waɗanda aka cuta, a ba shi na mai. Su ne dai. Kada ka goge komai: ɗauki hoton hirarrakin, adana takardun aike da lambobin da sunayen da aka karɓa da su, ka kai ofishin ƴan sanda. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, kuma masu aika kuɗi suna rubuta sunan mai karɓa, don haka takardar nan da kake ganin ba ta da amfani ita ce bakin zaren. In ka tura hoton katinka, ka faɗi haka a cikin ƙarar, domin ana iya amfani da shi a cuci wani da sunanka. Ka shiga saitin WhatsApp ka sa lambar sirri ta mataki na biyu. Sannan ka sanar da waɗanda ka kawo da bakinka, kafin su ƙara zubawa. Na san wannan ne mafi nauyi, kunya ce ke rufe bakin mutane, su kuma da wannan shirun suke samun na gaba.

Mun kai ƙara, ni da maigidanta, an rubuta, an karɓi takardun. Har yau ko dala ba ta dawo ba. Nata jika hamsin ne, har da biyar ɗina da na ce ta bar su. Na matan nan uku jika talatin, kuma ta rantse sai ta biya su da hannunta ko da sun ce sun yafe. Na ce zan ɗauke mata, ta ce, "A'a Yaya, ni na kai su." Yanzu tana koya wa yaran unguwa huɗu Faransanci da yamma a zaurensu, duk ƙarshen wata tana ware jika biyar ta aika wa ɗaya daga cikinsu. Ta biya wata uku, saura uku.