Sharhi a kan garejin da ya gano abin da ke riƙe birkin bayan motata a Agege

Motata Honda Accord ce ƙirar 2008, kuma da ita nake zirga-zirga kullum daga gidana a Agege zuwa shagona a Idumota. A tsakiyar daminar bana ne na fara jin ƙauri irin na ƙonannen birki duk lokacin da na sauko daga gadar Third Mainland, fetur kuma ya riƙa ƙarewa da wuri fiye da yadda na saba. Wata rana da yamma, bayan na shafe kusan sa'a biyu a cikin cunkoso, na tsaya a gefen hanya na zagaya motar ina kai bayan hannuna kusa da kowace ƙafa. Uku ɗumi kawai suke da shi, amma ta baya ta ɓangaren dama tana fitar da hucin da ya sa na janye hannu tun ban taɓa ƙarfen ba. Wani direban danfo ya ce in watsa mata ruwa. Na gode Allah da ban bi shawararsa ba, domin ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi yana iya lanƙwasa shi.

Garejin da na fara zuwa bai ɓata lokaci wajen bincike ba. An ɗaga motar, an juya tayar, aka ce kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ita ce ta mutu, aka tura yaro kasuwar Ladipo ya sayo tokunbo aka ɗaura. Kwana huɗu kacal na samu sauƙi, ƙaurin ya dawo kamar ba a taɓa komai ba, kuma wannan karon da iyalina a cikin motar, abin da ya ɗaga mini hankali ƙwarai.

Wani maƙwabcina ne ya kai ni gareji na biyu, wanda shi nake son yin sharhi a kansa. Mai wurin dattijo ne Bakano da ya daɗe a Legas, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauki sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi: ko ƙafa ɗaya ce ke zafi ko biyun baya duka, ko na ratsa ruwan ambaliya kwanan nan, ko motar na yin kwanaki a ajiye da birkin hannu a jaye, da kuma yaushe rabon da a canza man birki. Ya bayyana mini cewa idan ƙafafu da yawa ne ke riƙewa lokaci guda, hankali yakan koma kan uwar birki, wadda ke tura man birki zuwa ƙafafu, ko saitin birkin hannu, amma idan ɗaya ce tak, to cutar tana nan kusa da ita. Daga nan muka zagaya da motar na kimanin minti goma, ya auna faifan hagu da na dama da 'yar na'urar auna zafi daga nesa, sai ga na dama ya fi na hagu zafi nesa ba kusa ba, launinsa ma ya fara komawa shuɗi-shuɗi.

Yadda ya bi matsalar daki-daki shi ne ainihin abin da na biya kuɗi dominsa. Ya ɗaga motar da jak, ya girgiza tayar ya saurara don ya tabbatar ba boris ne ke kawo zafin ba. Ya cire kebul ɗin birkin hannu daga jikin kalifar, ya ga yana tafiya yana dawowa lafiya. Ya zaro ƙusoshin nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu, ya tarar ɗayar ta bushe ta fara tsatsa saboda robar da ke rufe ta ta yage, ya goge ta ya mayar, amma ya ce wannan ita kaɗai ba ta isa ta kawo irin zafin da ya gani ba. Sai ya sa yaronsa ya taka birki da ƙarfi sau da yawa ya saki, tayar ta ƙi juyawa ko da hannu biyu. Ya sassauta mahaɗar da ke tsakanin bututun ƙarfe da tiyon roba, tayar na nan a cije. Da ya buɗe ɗan notin fitar da iska da ke jikin kalifar, sai man birki ya yi tsartuwa, nan take tayar ta saki har tana juyawa da yatsa ɗaya.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kalifarka ba ta da laifi, ta da ma wataƙila lafiyarta ƙalau. Tiyo ne ya rufta daga ciki, yana barin mai ya shiga amma ba ya barin sa ya koma." Na ce, "Malam, ai daga waje ban ga ko tsaga a jikinsa ba." Bai yi musu da ni ba, sai da ya cire shi ya yanka gida biyu ya miƙo mini. Robar ciki ta kumbura ta saɓule, ramin ya tsuke har da ƙyar tsinken ashana zai shiga.

Ya canza tiyon ɓangarorin biyu tun da shekarunsu ɗaya, ya sa sababbin fad, wato takalman birkin da ke gogar faifai, hagu da dama saboda na dama sun ƙone sun yi santsi, ya shafa wa ƙusoshin giris na silikon, yana mai gargaɗin cewa giris na gama-gari yana kumbura roba. Na kuma lura cewa murɗa fistin ɗin kalifar ya yi har ya koma ciki, bai danna shi da ƙarfi ba, domin a irin wannan mota birkin hannu a cikin kalifar yake, kuma dannawa tana lalata shi. Man birkin da ya zubar ya yi baƙi kamar shayi mai kauri. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, ga Legas kuwa da laima, kuma nau'in DOT 3 da ake ƙayyade masa aƙalla digiri 205 na Celsius kafin ya tafasa yana sabo, ma'auninsa yana sauka zuwa 140 idan ya sha ruwa. Ke nan ƙafar da ke ƙonewa a cikin cunkoso tana iya tafasa man, direba ya taka feda ta nutse ba tare da motar ta tsaya ba.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Na isa da ƙarfe tara na safe amma ba a taɓa motar ba sai bayan azahar, domin dattijon ba ya yarda yaransa su yi binciken birki a bayan idonsa, motoci kuwa sun yi layi. Ba a ba ni rasit ba sai da na nema, kuma wurin zaman jira benci ɗaya ne a ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo. Sai dai kuɗin aiki da na tiyo biyu bai kai abin da na kashe a kan kalifar tokunbon da ba ta magance komai ba, kuma ya ba ni tsofaffin kayan a leda na tafi da su.

Yau mako shida ke nan. Na bi Third Mainland a cikin ruwa da rana, na kuma yi tafiya zuwa Ibadan na dawo, kuma duk inda na tsaya nakan kai bayan hannuna kusa da ƙafar dama ta baya, in ji ɗuminta daidai da na 'yar'uwarta. Faifan da ya yi shuɗi ne ya rage, wanda ya ce in dawo da motar bayan wata uku ya sake auna kaurinsa, kuma na riga na rubuta ranar a littafin shago.