Jadawalin MBA na Financial Times: Wane Albashi Yake Nunawa?

Tun 1999 jaridar Financial Times ta Birtaniya ke fitar da jadawalin makarantun da suka yi fice a digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, kuma galibin masu dubawa ginshiƙin albashi suke fara leƙawa. Yana da amfani, amma sai ga wanda ya san yadda aka haɗa shi.

Abin yabo shi ne lokacin da ake tambayar. Ana tuntuɓar tsofaffin ɗalibai shekara 3 bayan kammalawa, lokacin da mutum ya zauna da gindinsa a aiki, maimakon dogaro da albashin farko da makarantu ke tallatawa. Ana kuma auna ƙarin da aka samu tsakanin albashin kafin shiga da na yanzu. A da kowanne cikin ma'aunan biyu na ɗaukar kashi 20 na maki. Daga 2023 aka rage su zuwa kashi 16. Makaranta ba ta shiga sai da shaidar ingancin AACSB ko EQUIS, masu tantance makarantun kasuwanci.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne dalar da aka rubuta. Ba dalar canji ba ce. Ana juya albashi ne bisa ƙarfin sayen kuɗi a kowace ƙasa, da alƙaluman Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF). Shi ya sa albashin wanda ke karɓar kuɗin rupee a Indiya kan kumbura a jadawalin har ya kusanci na mai aiki a Amurka. Idan za ka ci bashi da dala ko fam ka biya kuɗin makaranta, wannan adadi ba zai gaya maka ko za ka iya biya ba, domin banki ba ruwansa da arhar kaya a garin da kake aiki.

Sai batun masu amsawa. Da bakinsu suke faɗin albashin, kuma amsar kashi 20 na 'yan aji ta wadatar, muddin ba su gaza mutum 20 ba. Wanda ya dace da aiki mai tsoka ya fi saurin cike takarda fiye da wanda ke fama. Wannan ƙa'ida ce ma ta fitar da makarantar Wharton ta Amurka daga jadawalin 2023, ta dawo ta ɗaya a 2024, alhali karatunta bai canja ba.

Ƙarin albashin ma yana da nasa ruɗin: wanda ya shigo da ƙaramin albashi ninkawa ba ta yi masa wuya, ƙwararren da ya shigo da babba kuwa kasonsa zai fito kaɗan ko da kuɗinsa ya fi yawa.

Don kwatanta makarantu biyu a ƙasa ɗaya, jadawalin ya ci kuɗinsa. Don lissafin aljihu kuwa, nemi rahoton ɗaukar aiki na makarantar da kuɗin ƙasarta, ka cire haraji, sannan ka haɗa kuɗin karatu da albashin shekara 1 ko 2 da za ka rasa kana aji.